Koken da Aka Rataya a Bango

Ku samarin da ke wucewa ta gaban tabul ɗina da salula a hannu, ina jin abin da kuke cewa, ko da yake ba na nuna na ji. Kuna cewa rubuta wa hukuma koke ba sana'a ba ce, in famfon unguwa ya ƙafe sai a ɗauki hotonsa a watsa, kafin la'asar duk Agadas ta gani. Ba zan ce kun yi kuskure gaba ɗaya ba. Duk Agadas za ta gani, wannan gaskiya ne. Abin da ban tabbata ba shi ne ko wanda makullin ruwan ke hannunsa zai yarda cewa ya gani. Hoto ba shi da hatimi. Aikina, in an taƙaita shi, shi ne hana babba ya ce bai sani ba, kuma na fi shekara ashirin ina yinsa a ƙarƙashin dogonyaron nan da ke kallon ginin hukuma.

Ba wannan na karanta ba. Na dawo daga Yamai da lisansin shari'a, wato digirin jami'a, na ajiye dosiyena na neman aikin gwamnati, aka ce in jira. Ina cikin jiran kawuna ya kai ni wurin Tsoho Bawa, wanda ke rubuta wa mutane takardu a wannan inuwa tun ban san harafi ba. Karatunsa bai wuce aji shida na lakol ba. Na miƙa masa takardar lisansina da hannu biyu. Ya duba gabanta, ya duba bayanta.

"Takarda mai kyau," in ji shi. "Wanda ya buga ta ya iya jera layi. Zauna ka goge mini keke."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai keken rubutu, wanda harafinsa ɗaya ke maƙalewa in rana ta take, sai an sa farce an maido shi. Akwai ƙyallen tawada, wanda in ya bushe Tsoho Bawa ke ɗiga masa man keken ɗinki ya bar shi a inuwa, ya ƙara wata guda yana aiki. Akwai takardar karbon da ake sawa tsakanin farare don a samu kopi uku a bugu ɗaya. Akwai duwatsu huɗu na danne takarda, da ɗan akwatin tawada na dangwala yatsa ga waɗanda ba su iya sa hannu ba. Sai kwalayen sabulu, inda kopin kowace takarda ke kwance. Yau a shagon maƙwabcina nake bugawa da na'ura, amma duwatsun da kwalayen suna nan.

Abu biyu ya koya mini. Na riƙe ɗaya fiye da kima, na yi wasa da ɗaya.

Na farkon shi ne hatimi. In ka kai takarda biro, wato ofishin hukuma, ba ka fita sai sekreter ta buga wa kopinka hatimi mai kwanan wata. In ba haka ba, a wurinsu ba a taɓa rubuta takardar ba. Ni, saboda ban cika samun natsuwa ba, sai na ƙara wa dokar: kowane shafi sai an buga masa nasa. Madam sekreter ta biron lafiya, wadda ke kirana Mushe, wato Malam a bakin masu Faransanci, ta sha ce mini, "Mushe, hannun nan nawa ne, ba na haya ba ne." Ina ba ta haƙuri, ina tura mata shafi na gaba.

Na biyun na gamu da shi a aikina na fari. Wani mai gyaran babur, Ila, ya zo saboda iska ta kwashe rufin ajin ƴaƴansa, wata biyar yara suna karatu suna bin inuwar bango. Na rubuta shafi huɗu, na kawo dokoki, na kawo tarihin lakol ɗin. Tsoho Bawa ya ɗora takardun a tafin hannu yana awo.

"Wannan a kilo za a sayar?"

Ya maida ta layi shida. Na ce masa, da ladabi, a garin nan ba a faɗa wa mutum da buƙata kafin a tambayi lafiyarsa, da zafi, da gajiya, da mutanen gida, balle babba.

"Gaisuwa a bakin ƙofa ake yinta, da palanto, masinjan biro," in ji shi. "Shi ke zaro takarda daga ƙasan tari ya maido ta sama. A cikin ginin can ba mai juya shafi. In babba ya karanta na fari ma, ranar ya tashi da ƙafar dama."

Na ce to. A raina kuwa na ɗauka ƙarancin karatu ne ke magana. Ya kamata in faɗi wannan, tunda shi ba ya nan yanzu ya faɗa.

Da idanunsa suka yi rauni ya bar mini tabul da kwalaye. A lokacin mutanen kasuwa sun riga sun sa mini suna Mushe Wataƙila, don ko an tambaye ni ƙarfe nawa sai na ce wajen kaza, in agogon bai yi kuskure ba.

Takardar da ta kusa tashina daga inuwar nan ta Hajiya Tima ce. Hajiya dillaliyar albasa ce, tana da kamyon da ke ɗauko mata kaya daga lambunan hanyar Tabelot. A wani ƙauye na can, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ƴarta Rabi ke aure. Hukuma ta gina musu ɗakin likita, aka shafe shi fari fat, manya suka zo suka yanke ƙyalle, aka sa kwaɗo, aka tafi da makulli. Shekara uku ba a aiko majo ba, wato ma'aikacin jinyar da zai zauna a ciki. In haihuwa ta yi gardama sai a ɗora mace bisa buhuna a bayan kamyo a nufo Agadas. In kuwa damina ce, ƙorama ta kawo ruwa ta yanke hanya, sai dai addu'a. Rabi na da ciki na fari, kuma lissafin haihuwarta ya faɗa tsakiyar damina.

Hajiya ta zo da farar takarda cike da dangwalen yatsun mutanen ƙauyen. Ba ta zauna ba.

"Rubuta musu. Kun gina ɗaki kun kulle. Mata suna haihuwa bisa albasa. Ku aiko majo kafin ruwa, ko ku zo ku ɗauke ɗakinku mu shuka wurin."

"Hajiya, wataƙila a ɗan tausasa."

"Tausasa yadda ka ga dama, ɗana, kai ka yi lakol. Ni dai majo."

A shekarar an kawo sabon darekta a biron lafiya, ana cewa ba ya son a ɗaga masa murya. Ban taɓa ganinsa yana faɗa ba, ji kawai na yi. Kuma dosiyena na neman aiki yana cikin ginin nan, a wani ɗaki da ban sani ba. Ban ce wannan ne ya riƙe hannuna ba, amma ban ce ba shi ba ne.

Na yi yini biyu a kanta. Shafi na fari gaisuwa ne da godiya: cewa al'ummar ƙauyen ba za su manta da ranar da aka gina musu wannan ɗaki ba, cewa sun ga kulawar hukuma da idonsu. Shafi na biyu ya yi bayanin kyan ginin, da ingancin ƙofarsa, wanda gaskiya ne, shekara uku ba ta ko motsa ba. A ƙasan shafi na uku na rubuta cewa, in da hali, in hakan ba zai takura tsarin aiki ba, al'umma za su yi farin ciki in an duba yiwuwar nazarin batun ma'aikaci. A saman takarda akwai layin da ake faɗin abin da ta ƙunsa a taƙaice. Nan na sa: godiya, da wasu ƴan tsokaci.

Na fara karanta wa Hajiya ina maida mata da Hausa. Ban kai rabin shafin fari ba ta ce kamyonta na jira.

"Maganar majo na ciki?"

"Tana ciki, Hajiya."

Tana ciki ɗin, ban yi ƙarya ba. Na kai biro, na gaida palanto, Madam ta buga hatimi uku tana tsaki.

Mako uku bayan haka ina shan shayin hantsi, rediyon mai shayi ya ce al'ummar ƙauye kaza sun aiko da takardar godiya ga hukuma saboda ɗakin likitan da ya canza musu rayuwa. Ya karanta jimlolina, ɗaya bayan ɗaya. Sun yi daɗi a kunne, wannan ma ya kamata in faɗa. Kafin in ajiye kofi palanto ya tsallako titi yana murmushi, ya ce in yi murna, darekta ya sa an yi wa takardata gilashi an rataye ta a bangon bironsa.

"Duka shafi ukun?"

"Gilashin na shafi ɗaya ne, Mushe."

Ya ƙara da cewa darekta zai je ƙauyen da kansa, da baƙi daga Yamai, da ɗan rediyo, don ya karɓi godiyar hannu da hannu.

Hajiya ta iso kafin azahar. A wannan karon ta zauna, abin da ya fi tayar mini da hankali.

"Mushe Wataƙila, ashe mun gode."

"Hajiya, in kika ba ni dama in yi bayani..."

"A'a, ai na ji bayani a rediyo. Rabi ma ta gode. Abin da ke cikinta ma ya aiko a gaida darekta." Ta juya wajen masu jira a kan tabarma. "Kai, me ya kawo ka?"

Mutumin ya ce famfon unguwarsu ne.

"Tashi ka tafi. In ya rubuta maka, gobe za a zo a ba famfon lambar yabo."

Ya tashi kuwa. Daga ranar tabarmata ta zama wurin barcin akuyar mai shayi. Mahauta sun daina zuwa, matan da ke bin maganar fansho na mazansu suka koma wurin wani can bayan tasha wanda ko karbon bai iya sawa daidai ba. In na ratsa kasuwa sai in ji ana cewa, "Mun gode, Mushe," daga rumfa zuwa rumfa, har masu tumatir. Wannan ita ce mummunar shekarata, ko da yake a lissafin kwanaki ba ta kai shekara ba.

Na je gidan Tsoho Bawa a tsohon gari, na same shi a zaure, na karanta masa takardar duka. Ya yi dariya har tari ya kama shi, aka kawo masa ruwa, ya sha, ya ci gaba.

"Ni shekara talatin ina rubutu, ban taɓa ɗaga darekta daga kujerarsa ba," in ji shi. "Kai da takarda ɗaya za ka kai shi har bayan dutse. Kopinka na nan?"

"Yana cikin kwali, Baba."

"Shafin ƙarshen nan da ka ɓoye maganar, yana da hatimi?"

"Kowane shafi yana da shi."

"To, cutarka ta yi rana. Tafi ka gaya wa Tima kada ta hana su zuwa. Ta yi musu shimfiɗa."

Hajiya ta saurare ni ba ta dube ni ba. Da na gama ta ce, "Kai ka gayyato su, kai za ka tarbe su." Ranar tafiya ta sa ni a bayan kamyo, bisa buhunan da babu kome a ciki, ta ce in ɗanɗana kujerar masu naƙuda. Muka wuce Dabaga, muka hau duwatsu. Ba zan yi dogon bayani kan hanyar ba, sai dai in ce na riƙe kopin da hannu ɗaya, ƙarfen mota da ɗaya, kuma sau biyu na yi tunanin sakin kopin.

An share gaban ɗakin likita, an yayyafa ruwa, an jera kujeru. A jikin ƙofar, ƙarƙashin kwaɗon, Hajiya ta shimfiɗa tabarmi ta zaunar da duk mai ciki da ke ƙauyen, Rabi a tsakiya. Ba ta ce su yi kome ba. Suna zaune kawai, kowace da cikinta a gaba.

Motoci suka iso. Darekta mutum ne mai fara'a, ban ga alamar faɗan da ake faɗa ba. Ya yi jawabi, ya ce takarda irin wannan ita ke ƙara wa ma'aikaci ƙarfi. Ya dubi matan ya gaya wa baƙinsa cewa ga shaida, mata sun rungumi awon ciki. Sannan ya waiwaya.

"Ina majo? A kira shi mu gaisa."

Maigari ya gyara rawaninsa.

"Ranka ya daɗe, mu ma mun ɗauka yana cikin motarku."

Sai na ji hannun Hajiya a tsakiyar bayana. "Ga mai takarda," in ji ta. "Godiyar da saura, zai ƙarasa."

Ɗan rediyo ya kawo abin maganarsa bakina. Na buɗe shafi na uku na karanta, da Faransanci, sannan da Hausa: in da hali, in hakan ba zai takura ba, yiwuwar nazarin batun. Na gama. Wata baƙuwa daga Yamai ta tambayi na kusa da ita me ake nufi. Ni kaina da na ji abin a fili ban tabbata na gane ba.

Hajiya ta janyo hannun ɗan rediyo zuwa bakinta.

"Cewa ya yi kun gina ɗaki kun kulle. Shekara uku ba majo. Waɗannan da kuke gani ba awo suka zo ba, a bayan kamyona za su haihu, in ruwa ya bari. Ga ta tsakiyar nan tawa ce."

Darekta ya ce wannan magana ba ta taɓa isowa bironsa ba, da ta iso da tuni an ɗauki mataki. Ina ganin da gaske yake, a yadda ya fahimci isowa. Na matsa kusa, na ba shi haƙuri, na ce mai yiwuwa kuskuren daga wajena ne, sannan na nuna masa ƙasan shafin. Hatimin bironsa na nan, shuɗi, da kwanan wata, da sa hannun Madam. Baƙuwar ta karɓa ta duba, ta miƙa wa na kusa da ita, shi ma ya miƙa gaba. Ban taɓa ganin an karanta shafi na uku sau da yawa haka ba.

Baƙuwar ta ce a buɗe su gani. Ba wanda ya zo da makulli, ba kuma wanda ya san inda yake. Shofer ɗin darekta ya ɗauko ƙarfen cire taya, matan suka ja tabarminsu gefe. A ciki akwai gadon haihuwa da ledarsa ba a cire ba, da ma'auni a cikin kwalinsa, da guntun ƙyallen da aka yanke ranar buɗewa yana kwance a ƙasa. Rina sun yi gida a kusurwa, su kaɗai suka samu aiki a wurin. An ci abincin da aka tanada, amma ba a yi hira sosai ba.

Kafin hadarin fari ya haɗu, wata matashiyar majo ta sauka a ƙauyen da akwatinta, a gaban kamyon Hajiya. Rabi ta haihu a gadon nan ranar da ƙorama ke ɗauke da itatuwa, mace ta samu, lafiya lau. Ba zan ce takardata ce ta yi ba. Wataƙila rediyo ne, wataƙila baƙuwar, wataƙila dama ana shirin aikowa. Dosiyena na neman aiki bai fito ba har yau, shi ma ba zan ce saboda wannan ba ne. Abin da na sani, mai famfo ya dawo, mahauta suka biyo shi, akuyar mai shayi ta nemi wani wuri. An canza darekta sau da dama tun lokacin, amma palanto ya ce shafina na fari yana nan a bango, ba wanda ya ga dalilin sauke shi.

Shi ya sa in kuka zo koyo nake fara ba ku takarda ɗaya tak, in ɓoye sauran. Ku sa abin da ya lalace, da inda yake, da tun yaushe, da abin da ake so a yi, da ranar da in ta wuce ba shi da amfani. Ku karanta wa mai koke duka, ko kamyonsa na jira. Ku gaida palanto. Kada ku fito ba hatimi. Hoton salula ku haɗa da shi in kuna so, ba ya cutarwa.

Bayan shekara biyu aka ɗauke majon aka kai ta wani wuri, ba a aiko madadinta ba. Hajiya Tima ta zo da jikarta a hannu, ta tsaya a kaina.

"Rubuta. Layi uku."

Na buga na miƙa mata. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga. Ta bi layukan da yatsa.

"Huɗu ne. Wannan na saman fa?"

"Gaisuwa ce, Hajiya. Layi ɗaya tak. Ba ya kyau a faɗa wa mutum haka kawai."

"Maida ta ƙasa. In ya aiko majo ya karanta."

Na sa sabon karbon na sake bugawa. Tun daga ranar duk takardar da ta fita daga inuwar nan a ƙarshe take gaisuwa. Har yanzu in na zo wurin hannuna yakan ɗan tsaya, don ina ganin kamar rashin tarbiyya ne. Amma ana amsawa, ba kullum ba, wani lokaci.